Mutumin da Ba Ya Cire Mai Jifa

A birnin Erie na ƙasar Amurka, inda iskar tabki ke shiga ƙashin mutum tun Nuwamba ta yi zamanta sai Afrilu, akwai wani dattijo mai suna Casimir Banasik. Kowa Kaz yake ce masa. Shi kuwa ya fi so a ce Koci, ko da yake tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa horar da ko kare ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wata masana'anta yana tsaye gaban inji guda, yana huda rami iri ɗaya a jikin ƙarfe iri ɗaya. Ya auri Paulette, suka haifi 'ya'ya mata biyu, 'ya'yan suka girma suka gudu garuruwan da rana ke fitowa da gaske. Rayuwarsa ke nan in maƙwabta aka tambaya. In kuwa shi aka tambaya, rayuwarsa yamma ɗaya ce tak, a watan Yunin 1978.

A yammar nan yana ɗan shekara goma sha bakwai, shi ne mai jifa na ƙungiyar besbol ta makarantarsu, wasan da ake jefa ƙwallo abokin hamayya ya daka da sanda ya zagaya tashoshi don cin maki, ga wasan ƙarshe na cin kofin gunduma. Bahago ne, siriri kamar sandar rake. Suna gaba da maki ɗaya, an shiga zagayen ƙarshe, sai kocinsu ya tako har tudun jifa, ya miƙa hannu ya karɓe ƙwallon, ya kira wani yaro daga benci. Jifa biyu yaron ya yi, aka daki ƙwallon ya tsallake katanga, kofi ya tafi wata makaranta. Babu shagon aski ko wurin zaman makoki a unguwarsu da Kaz bai ba da labarin nan ba. Kullum a wuri ɗaya yake tsayawa, ya buɗe tafin hagunsa ya dube shi, kamar har yanzu ɗumin ƙwallon bai huce ba.

Paulette tana cikin 'yan kallo ran nan, kuma ita ba ta da lalurar mantuwa.

"Ka manta ka faɗa musu ka jefi ɗan mutane a haƙarƙari," in ji ta, duk ranar da ta gaji da ji. "Ka kuma bar biyu sun wuce zuwa tasha salin-alin, don ka kasa saita jifa. Hannunka rawa yake kamar wutsiyar kifi. Mu da ke sama muna gani."

"Ke me kika sani game da besbol?"

"Na san kuka kake yi kafin ma a cire ka."

"Gumi ne!"

"To, gumi ne. Ci abincinka."

Da irin wannan ciwo mutum kan zama mashayi ko mai rubuta wasiƙun ƙorafi zuwa jarida. Kaz ya sami abin da ya fi waɗannan sauƙi. Shekara goma sha shida da suka wuce, shi da wasu abokai suka kafa gasar besbol a wani shafin intanet, irin wadda babu fili, babu ciyawa, babu ɗan wasa ko ɗaya mai jini a jika. Na'ura ce ke ƙirƙiro 'yan wasan, ta raɗa musu suna, ta ba su shekaru da lambobi: ƙarfin jifa kaza cikin ɗari, saiti kaza, juriya kaza. Mutum goma sha biyu, kowa da ƙungiyarsa. Aikin mai ƙungiya shi ne ya zaɓi 'yan wasa a farkon kaka, ya jera su, ya rubuta umarni kafin ƙarfe goma na safe. Da tsakar rana na'ura ta buga wasannin ita kaɗai cikin ƙiftawar ido. Umarnin da ka aika ya tafi ke nan, ko ka faɗi ƙasa kana birgima ba ya dawowa.

Ƙungiyar Kaz Maƙeran Erie sunanta. Kuma a cikin umarnin akwai wani ɗan akwati da ake rubuta adadin jifan da mai jifa zai yi kafin na'ura ta cire shi ta sako wani. Masu hankali suna rubuta casa'in, masu taurin kai ɗari da biyar. Kaz ɗari da arba'in yake rubutawa, don iyakar abin da akwatin ke karɓa ke nan. Sau uku yana rubuta wa masu shafin takarda yana neman su ɗaga iyakar.

"Wanda ya fara wasa shi zai gama shi," in ji shi. "Ni ba na wulaƙanta namiji a gaban jama'a."

Namijin da yake nufi jerin lambobi ne a cikin wata na'ura da ba wanda ya san garin da take.

A shekarun farko abin ya yi masa daɗi, don duk cikinsu ba wanda ya san komai, har ya ci kofi sau ɗaya. A lokacin ne ma, yana kan ganiyarsa, ya kawo dokar da aka rubuta a shafin farko na gasar: duk wanda ya zo na ƙarshe kaka uku a jere, ya sauka ya ba na layin jira kujerarsa. Don mijin ƙanwar Paulette ya ƙirƙiro ta, wani bawan Allah mai yawan dariya da ba ya ɗaukar wasan da muhimmanci. Dokar ta ci mutumin, Kaz ya yi jawabi a kan mutuncin gasa. Sai duniya ta juya a hankali. Sababbi suka shigo da lissafi, tsofaffi suka koya daga gare su, Kaz ya tsaya inda yake kamar turken tashar jirgin ruwa da aka daina ɗaure komai a jikinsa. Kakar bazara ya zo na ƙarshe. Ta lokacin kaka ma ya zo na ƙarshe. Saura ta hunturu.

Bakwai daga cikin masu ƙungiyoyin har yanzu a Erie suke, kuma duk Asabar suna haɗuwa a gidan abincin Stavros, wani Bagirke mai gashin baki da ke soya ƙwai yana zagin gwamnati. Can ƙuryar ɗakin ake haɗa musu tebur biyu. A nan aka yi zaɓen 'yan wasa na kakar hunturu, ranar Asabar ta farko a Disamba, dusar ƙanƙara na sauka a waje shiru-shiru kamar ana tankaɗe gari.

Shugabar gasar Marlene Dudek ce, direbar motar 'yan makaranta, mace mai gajeren gashi da gajeren haƙuri, wadda ta ci kofi biyar cikin takwas na baya. Tsarinta ba asiri ba ne, ko yaushe tana faɗa wa duk mai son ji: masu fara jifa biyar matsakaita, masu karɓar su in sun gaji shida nagari, kowa ya yi aikinsa ya sauka tun hannunsa bai mutu ba. Ita ta buɗe kwamfutarta a tsakiyar kofunan kofi ta ce, "Koci, na ƙarshe shi ke fara zaɓe. Ka fi kowa sanin wannan gatan."

Aka yi dariya. Kaz bai yi ba. Ya gyara gilashinsa, ya buɗe littafinsa mai bangon kore.

Kowa a teburin ya san wanda ya kamata ya ɗauka. Akwai wani matashin mai jifa, ɗan shekara ashirin da biyu, juriyarsa tamanin da takwas, irin wanda in ma za ka yi haukar barin mutum ya yi jifa ɗari da arba'in, to shi ne zai iya ɗauka. Kamar don Kaz aka halicce shi. Amma Kaz ya kwana uku yana kallon wani suna can ƙasa a jerin: Tobias Haskamp. Bahago. Shekara talatin da uku. Saiti casa'in da huɗu, abin sha'awa. Juriya arba'in da ɗaya. Na'ura ta rubuta cewa siriri ne dogo, kuma a inda take cike garin haihuwa da duk sunan da ya faɗo mata, ta rubuta Erie.

"Haskamp," in ji Kaz.

Stavros, da ke tsaye da butar kofi, ya ce, "Wa?"

"Tobias Haskamp. Ɗan garin nan ne."

"Ɗan gidan wa? Na san uwarsa?"

Marlene ta cire gilashinta ta ajiye. "Kaz, don Allah dubi juriyarsa. Arba'in da ɗaya. Mutumin nan mai karɓa ne, zagaye biyu ya sauka. In ya wuce jifa saba'in, kakata ma za ta dake shi, ga ta shekara tara a kabari."

"Lamba ba ta auna zuciya."

"Ba shi da zuciya, Koci. Ba shi da huhu. Ba shi da ko takalmi."

"Ke dai rubuta."

Ta rubuta. Wanda ke biye da shi a zaɓe Duane Fickes ne, mai gyaran famfo, wanda bai ma zo ba. Duane ya daɗe da danna maɓallin da ke bar wa na'ura komai, zaɓe da jeri da canji, shi dai yana cikin gasar ne don ƙwai da hira. Na'urarsa ta ɗauke matashin nan cikin daƙiƙa ɗaya, ba tare da ta yi jawabi ba.

Haka zaɓen ya tafi. Mutane na kwasar masu karɓa tun zagaye na huɗu, Kaz na ɗibar masu dukan ƙwallo da sunayensu suka yi masa daɗin faɗa. Sai a zagaye na goma sha huɗu ya ɗauki mai karɓa na farko, yana yamutsa fuska kamar an ba shi maganin tari. Masu fara jifa kuwa huɗu ya tsayar maimakon biyar, don a cewarsa haka mazan jiya suke yi, kuma hutu shi ke lalata hannu.

Abin haushin shi ne Haskamp ya iya jifa. Zagaye biyar na farko na kowane wasa, sai ka ce waƙa ake rerawa. Kaz yakan zauna a ɗakin ƙasa na gidansa, kusa da injin wanki, ya buɗe rahoton wasan da tsakar rana, ya ƙi duba sakamakon, ya bi shi layi-layi da yatsa. Ya kori na farko. Ya kori na biyu. Na uku ya ɗaga ƙwallo sama an cafe. A cikin waɗannan layukan busassu Kaz yana jin ƙanshin ciyawar da aka yanke da safe, yana ganin inuwar tudun jifa tana tsawo, yana jin hular Haskamp ta jiƙe a goshi. Daga zagaye na shida sai waƙar ta fara shaƙewa. Na bakwai a dake shi. Na takwas a yi masa dukan kawo wuƙa. Masu karɓa na zaune a bencin da babu shi, sun harɗe hannuwan da ba su da su, ba mai kiran su.

"Ya kusa," in ji Kaz duk Asabar. "Yana koyon jurewa."

"Ba ya koyon komai," in ji Marlene. "Juriyarsa ta sauka zuwa talatin da takwas. Kai kake cinye shi."

Stavros kuwa ya sa wa wani abinci suna Haskamp a allon bango: ƙwai biyu da ake bari a wuta har su ƙone.

Wasa ɗari da sittin da biyu ake yi a kaka, uku kowace rana. Da aka kai ƙarshen Janairu, tabki ya daskare har inda ido ke gani, Maƙeran Erie da ƙungiyar Duane suna kwance tare a gindin tebur, nasara sittin da ɗaya kowannensu, saura wasa ɗaya, kuma su biyun ne za su kara. Wanda ya faɗi shi ne na ƙarshe. In Duane ne, ba abin da zai same shi, karonsa na farko ke nan. In Kaz ne, dokarsa na jiran sa a bakin ƙofa.

Wani daga cikin tsofaffin ya ja Duane gefe ya ce ko zai zaunar da manyan 'yan wasansa, a rufa wa dattijo asiri.

"Da na yi, wallahi," in ji Duane, bakinsa cike da dankali. "Amma tun bikin Ista na manta kalmar sirrina."

Al'adar gasar ce wasan ƙarshe mai muhimmanci ba a duba shi a gida. Marlene ke riƙe sakamakon a rufe, a taru wurin Stavros ranar Asabar, a kunna shi jifa-jifa a babban allon da ke bango. Umarni dai ƙarfe goma ake rufewa, kamar kullum.

Da safiyar ranar, ƙarfe tara da rabi, Kaz na zaune gaban kwamfutarsa da rigar sanyi a kan kayan barci. Ranar jifan Haskamp ce. Wasa huɗu da suka wuce ya yi jifa ɗari da talatin da takwas, kuma ɗan layin da ke nuna ƙarfin jikinsa ya koma ja, rabi da kaɗan. Kaz ya daɗe yana kallon jan layin nan. Ba wawa ba ne, wannan shi ne abin takaicin. Da wawa ne, da sai a tausaya masa. Ya san abin da layin ke faɗa. Ya san teburin Stavros shi ne wuri ɗaya da ya rage a duniya inda in ya yi magana ake juyowa, ko don a yi dariya ne. Ya kai hannu ya goge ɗari da arba'in. Ya rubuta saba'in da biyar. Ya jera masu karɓa uku a bayan Haskamp, har sai da ya duba sunayensu don bai haddace ba. Ya zauna yana huci kamar wanda ya hau bene da buhu.

Saura ya danna aikawa, sai wayarsa ta yi ƙara. Saƙo ne daga Marlene.

"Koci, ba a matsayin shugaba ba, a matsayin wadda ba ta son ganin kujerarka babu kowa. Sa masa saba'in da biyar. Ba wanda zai ce komai."

Kaz ya karanta sau biyu. Saba'in da biyar, adadin da shi da kansa ya zaɓa, da tunaninsa, a ɗakinsa. Yanzu in ya aika, ya zama na Marlene. Za ta zauna a teburin nan ta yi shiru irin na wanda aka bi shawararsa, shirun da ya fi kowace dariya ciwo. Shekara goma sha shida na tsayuwa a kan magana ɗaya, a ce direbar mota ce ta sauko da shi da saƙon waya.

Paulette ta sauko da kwandon wanki, ta tarar da shi yana dukan madannai da yatsa ɗaya.

"Lafiya, tsoho? Fuskarka ta yi ja kamar tumatir."

"Ana so a koya mini besbol."

"Ai da an yi da wuri." Ta zuba kayan a inji. "In ka fita ka saka hula. Ta kunnuwa, ba waccan ta wasan ba."

Ya danna aikawa saura minti huɗu. Ɗari da arba'in.

Gidan abincin ya cika da tururin kofi da warin rigunan da ƙanƙara ta jiƙa. Waɗanda suka ƙaura Florida suna kallo ta waya, an jingina su da kwalbar barkono. Kaz ya zo da hular wasan. Marlene ta dube shi da tambaya a ido, ya kau da kai, ya ce wa Stavros ya kawo kifi soyayye.

Haskamp ya fara kamar ya san abin da ake ciki. Allon ba ya nuna mutane, ɗigo-ɗigo ne kawai da rubutu a ƙasa, amma kowa ya zuba masa ido. Ya kori shida cikin tara na farko. A zagaye na uku Maƙera suka ci maki biyu, a na biyar suka ƙara biyu. Huɗu da babu. Kaz ya jingina da kujera, ya fara yi wa na kusa da shi bayanin yadda bahago ke ɓoye ƙwallo a bayan cinya.

Aka gama zagaye na shida, jifa saba'in da uku, huɗu da ɗaya. Marlene ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Madalla. Biyu suka rage masa, sai masu karɓa su rufe."

Na bakwai ya fara. Saba'in da huɗu. Saba'in da biyar. Saba'in da shida. Sunan Haskamp na nan a kan tudu.

Marlene ta juyo a hankali. "Kaz. Nawa ka sa?"

"Kalli wasa."

"Nawa ka sa, Casimir?"

"Na ce kalli wasa!"

Haskamp ya bar mutum ya wuce, aka daki na gaba, maki ɗaya ya shiga. Ya fita daga zagayen da ƙyar, huɗu da biyu, jifa casa'in da takwas. Kifin Kaz ya huce a faranti. A zagaye na takwas na farko ya daki ƙwallo ya tsaya a tasha ta biyu. Na biyu ya wuce ba tare da ya ɗaga sanda ba, don jifa huɗu a jere ba wanda ya bi hanya. Ɗari da goma. Jan layin ya zama ɗan ɗigo kamar kan ashana. Na uku ma ya wuce. Tashoshi uku duk da mutum, ba a fitar da kowa ba, ga babban mai dukan Duane yana tahowa.

"Wannan nawa ne?" in ji Duane. "Kai, ashe ina da irin wannan!"

Kaz ya miƙe tsaye. Bai san ya miƙe ba. Kujerarsa ta faɗi baya, hularsa na hannunsa ya murɗe ta kamar tsumma.

"Cire shi," ya ce, can ƙasa-ƙasa. Jifa ya wuce, ba a kan hanya ba. "Cire shi mana! Ba ka ganin ya mutu? Makaho ne kai? Ku cire shi, don girman Allah, ga mutane nan zaune a benci!"

Duk gidan abincin ya juyo, har da wata tsohuwa da cokali a baki. Ba wanda ya amsa masa. Wa zai amsa? Wanda yake yi wa ihun ya gama aikinsa tun ƙarfe goma saura minti huɗu, da rigar barci.

Rubutu ya fito a ƙasan allo: ƙwallo ya tashi ta hagu, ya yi nisa, ya tsallake katanga. Maki huɗu a dukan nan ɗaya. Shida da huɗu. Na'ura ba ta cire Haskamp ba sai da ya cika ɗari da arba'in cif, a zagaye na tara, ana goma sha ɗaya da huɗu. Mai karɓan da ya shigo ya fitar da mutum biyun da suka rage da jifa biyar.

Stavros ya ɗaga kujerar da ta faɗi, ya kakkaɓe ta. Ba wanda ya yi dariya, abin ya wuce nan. Marlene ta rufe kwamfutar, ta dubi sauran, suka yi 'yar magana da ido da kai irin ta mutanen da suka riga suka tattauna a bayan mutum.

"Zauna, Koci," in ji ta. "Mun yi shawara tun jiya, har da na Florida. Kai ka kafa gasar nan. Za mu ɗaga maka dokar sau ɗaya. Sharaɗi guda: ka danna maɓallin nan, na'ura ta riƙa yi maka canjin masu jifa. Zaɓe naka, jeri naka, suna naka. Canji kawai."

"Kamar Duane."

"Kamar ni," in ji Duane da fara'a. "Ba ciwon kai, Koci. Ga shi har na ci ka."

"Ai yanzu kai da bakinka ka ce a cire shi," in ji Marlene. "Duk mun ji."

Kaz ya dube su ɗaya bayan ɗaya, har da fuskokin da ke jingine da kwalbar barkono. Ƙofa ce aka buɗe masa, faɗinta ya isa mota ta shige. Abin da kawai ake nema ya ce to.

"Ni ban ce a cire shi ba."

"Haba, Kaz!"

"Cewa na yi a ƙyale shi. Hayaniya ta yi yawa, ba ku ji da kyau ba." Ya warware hular ya kifa a kai, duk ta lanƙwashe. "Kuma da masu tsaron filin sun yi aikinsu a na bakwai, da ba a kai nan ba. Ni ba na roƙon kujera. Ku ba wa wanda kuka ga dama."

Ya fita, ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara a bayansa.

Motarsa na daidai tagar gidan abincin. Ya ɗauko abin kankare ƙanƙara ya fara goge gilashin gaba, a hankali, yadda duk wanda ya fito zai same shi. A lissafinsa, Marlene za ta fito, ko Stavros da tawul a kafaɗa, a ce haba Koci, a ja hannun rigarsa, shi kuma ya ƙi sau biyu ya yarda a na uku. Ya gama gilashin gaba ya koma na gefe. Ya gama na gefe ya yi na baya. Iskar tabki na yanka kunnuwansa. Ya dawo na gaba, wanda ya riga ya yi tas, ya ci gaba da kankarar banza.

Ta cikin tagar ya ga Marlene ta sake buɗe kwamfutar, sauran sun matso suna leƙa jerin masu jira, wani na nuna wani suna da cokali mai yatsu. Duane ya jawo farantin kifin gabansa. Sai wasu mata da miji suka shigo da 'ya'ya uku, teburinsu bai isa ba, mijin ya zo ya dafa kujerar da ba kowa ya yi tambaya. Marlene ta ɗaga hannu ba tare da ta ɗago kai ba, mutumin ya ɗauke ta ya tafi da ita.

Wayar Kaz ta yi ƙara a aljihu. Ya cire safar hannu da haƙori, har yana neman yar da wayar don sauri.

Paulette ce. Ta ce in ya taso ya biya ya sayo burodi, mai yanka-yanka, ba irin na wancan makon ba.